Ƙwai Mai Taga

Ku da kuke zuwa rumfata kuna ɗaukar ƙwan gidan gona a farantin kwali, ku ɗaure a bayan moto ku zagaya masu shayi, kun ɗauka kun san sana'ar ƙwai. Jiya na ji ɗayanku yana cewa wai aikin ba komai ba ne, in dai ba ka faɗi da moto ba ka gama. Ban tanka masa ba, don bakina da goro. Yau na tofar, sai ku zauna. Abin da kuke yawo da shi ƙwai ne marar rai, kajin da suka saka shi ba su taɓa ganin zakara ba. Ni wanda na tsufa a kansa mai rai ne, kuma daga hannun matan ƙauye ake karɓarsa. Su kuwa matan ƙauye ba sa miƙa wa mutum ƙwai sai sun yarda da inda za shi da shi.

Aikin farko da maigidana, Baba Nomau, ya sa ni shi ne tsintar ƙaiƙayi. Lokacin ina saurayi, babban fari ya cinye shanun mahaifina a ƙasar Mayahi, sojojin farko suna kan mulki, na shigo Tasawa da riga ɗaya. Na zaci zai ba ni masaki in bi shi kasuwa. Sai ya zube mini buhun ƙaiƙayin gero ya ce in fitar da duk tsakuwa da ƙarangiyar da ke ciki. Na wuni ina tsinta, ya zo ya cusa hannu ya fito da tsakuwa kamar ƙwayar wake, ya ɗora mini a tafin hannu, ya wuce masallaci. A cikin ƙaiƙayin nan ake jera ƙwai, tsininsa yana kallon ƙasa, a rufe da wani ƙaiƙayin, a sake jerawa, a kife faifai a ɗaure a kan jaki. Tsakuwa ɗaya in ta haɗu da tafiyar jaki a hanyar Bawdeta ta isa ta fasa ƙwai, wanda ya fashe kuma ya jiƙa na kusa da shi, kafin a iso gari masaki ya fara wari.

Bayan ƙaiƙayi sai dubawa. Ka dunƙule hannu kamar bututu, ka ɗora ƙwan a bakinsa, ka ɗaga wajen rana ka kanne ido ɗaya. Sabon ƙwai garau yake, da 'yar iska kaɗan a gindinsa. Wanda aka fara kwanci a kansa za ka ga duhu da zare ja-ja. Baragurbi kuwa ba ya bukatar rana, ka kai shi kunne ka girgiza zai amsa maka. Wannan duk mai ido zai koya a damina ɗaya. Abin da ya ɗauke ni shekaru shi ne duba ƙwai a gaban mai shi ba tare da ta san ana dubawa ba. Baba Nomau bai yarda da ƙwan kowa ba, ko na matarsa ne, amma ba za ka taɓa kama shi yana zargi ba. Yana cikin tambayar mace lafiyar jikokinta zai ɗaga hannu kamar mai kare idonsa daga rana, ashe ya gama. In ƙwan ya ɓaci sai ya ce, "Wanga ki bar ma yara," ya mayar mata da fara'a. Daga wurinsa na ɗauki halin nan da uwargidana ke ƙorafi a kai har yau, wai ko ƙosai aka miƙo mini sai na juya shi na duba ɗaya gefen.

Ga wani abin da ba ku sani ba. A ƙauyukanmu ƙwan zabi shi ne na kasuwa, da damina yake zuwa. Ƙwan kaza ba na sayarwa ba ne. Mace tana barin kazarta ta yi kwanci, 'yan tsaki su girma, ran da suna ko rashin lafiya ya taso ta kama ɗaya ta kai kasuwa. Don haka duk wanda ya zo yana neman ƙwan kazar gida, sabo, na gidan da ke da zakara, kowa ya san wanda ya aiko shi. Boka ne ke neman irin wannan. Ya shafa shi a jikin marar lafiya, ya yi masa zane, ya ce a binne a mararraba, wai wanda ya tsallaka ya kwashi ciwon. Shi ya sa tun muna yara aka koya mana in mun ga ƙwai a hanya mu kewaye shi. Irin waɗannan masu saye ba sa tsayawa a gaban rumfa, ta gefe suke zuwa suna rage murya. Na taɓa ganin wani babban ɗan kasuwa ya raɗa wa Baba Nomau cewa yana son ƙwan baƙar kaza. Tsohon ya miƙa masa na zabuwa ya ce da ƙarfi, "Ita ma ai baƙa ce, Alhaji." Mutumin bai sake bi ta layinmu ba.

Da maigidana ya rasu na gaji hanyoyinsa, mafi albarkarsu kuwa Hawandawaki. A can ba gida gida nake bi ba. Akwai wata tsohuwa, Inna Tsahara, ita mata ke kai wa ƙwansu, ita ke tarawa a babban masakinta, in na zo ran kasuwa in ɗauka a ƙofar ɗakinta. Gajera ce, mai kaifin ido, kuma a zargi ta fi ni. Na yi shekaru ina zuwa kafin ta daina ce mini "yaron Nomau" ta fara kirana Habu. In ta ce a ba ka, ƙauyen duk zai ba ka, har da ƙauyukan da ke kewaye. In ta ce a'a, ko ɓawo ba za ka samu ba. Jarina na gaske ba jaki ba ne, ba moton da na saya daga baya ba ne, yardar tsohuwar nan ce.

To, sai shekarar nan da damina ta ɗauke gero yana tsakiyar fitar da kai, rumbuna suka tashi wayam, sojoji kuma suka sake karɓe mulki a Yamai. Zabi ba sa ƙwai da rani ko a shekarar ƙoshi, balle wannan. Ina zaune a rumfa ina korar ƙuda, sai ga wata mace da farin tabarau ta tsaya a gabana, ba ta gefe ba. Ta ce sunanta Mariyama, 'yar garin nan ce, mahaifinta ya koyar a lakwal, makarantar boko, kafin ya rasu. Ta yi karatun likita a waje, yanzu tana aiki a wani ɗakin bincike a Yamai.

"Baba, ƙwan kazar gida nike so, ba na gidan gona ba. Na gidan da ke da zakara. Sabo, wanda ba a fara kwanci bisa nai ba, kuma kada a wanke shi. Ran da kaza ta saka, a yi mashi alama da kirayon."

Na dube ta daga tabarau har takalmi. Duk abin da boka ke nema ta lissafa, har da zanen.

"Ɗiyata, mi za ki yi da su?"

"Bincike muke yi kan ciwon daji, Baba. Wani iri da ke kama wata 'yar tsoka a bayan tumbi, mu muna ce mata pankareyas."

Ban gane ba, ban kuma yarda ba. Amma gidana akwai bakuna, kuma ta ce za ta riƙa aiko da dusa don kaji su sami abin da za su yi ƙwai da shi. Na ce zan gwada.

Na kai maganar wurin Inna Tsahara. Ta saurare ni tana sussukar wani ɗan damin da ba komai a jikinsa, ta ce, "Likita ce ko bokanya mai tabarau?" Na ce likita ce. Ta ce, "Ka gani da idonka?" Na ce na san gidansu. Ta yi tsaki, amma yunwa ta fi ƙarfin tsaki, ta ce mata su kawo. Haka muka fara. Ina karɓa da sanyin safiya, in yi wa kowane ƙwai alama da kirayon ɗin, wato fensir, in jera a kwali cikin ƙaiƙayi, in lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu don kada zafi ya tayar da ɗan tsako tun a hanya, in ba direban kar, motar fasinja da ke zuwa Yamai. Dusar da ake aikowa kuwa, ba duka kaji ke ci ba. Na san gidajen da ake dama ta a ba yara, na kawar da kai.

Zargi ba ya fara da ihu. Farko wata mata ta tsaya a kaina ina yin alamar kirayon, ta kalli hannuna ta tafi. Sannan aka lura cewa sojan da ke shingen bakin gari ba ya buɗe kwalina, alhali yana zazzage kayan kowa. Dalilin kuwa, ya taɓa buɗewa ya ga ƙwai ne, ya gaji da gani. Sannan aka fara tambaya, wane irin mutum ne ke ciyar da kaji a shekarar da mutane ke cin ganye? Lokacin shuka ya zo, hadari ya riƙa haɗuwa a gabas yana watsewa. Sai maganar ta haɗu ta zama guda: wai ƙwan Hawandawaki ana kai wa bokan masu mulki ne, ana binnewa don kujera ta zauna, kuma abin da aka binne shi ne ya ɗaure ruwa. Kuna dariya. Ku ba ku taɓa shuka iri na ƙarshe kuna kallon sama ba.

Ran kasuwa na isa ƙofar Inna Tsahara na tarar da masakin a kife. Tana zaune a gefensa, ba ta ce in zauna ba.

"Habu, ina ƙwanmu ke zuwa?"

"Wurin likita, Inna."

"Mi take yi da su?"

"Bincike."

"Mi ne ne bincike? Tana ci? Tana ƙyanƙyasa? Ina 'yan tsakin?"

Ba ta jira amsata ba, ta ƙara:

"Za ka iya dafa Alƙur'ani ba a binne su?"

Ba zan iya ba, don ni ma tambayoyin nan sun daɗe suna cina. Ta ce, "To, yaron Nomau, ka tahi. Ko na zabi kada ka dawo nema." Kafin mako ya zagayo maganar ta kai Bawdeta da sauran kasuwannina. Matan da na sani tun suna amare suka riƙa rufe ƙwaryarsu da gefen zane in na doso. Na ga sana'ar da na gada tana zubewa, na ji tsoro, kuma na ji haushin 'yar tabarau.

Sauran kwali guda da ke hannuna ban ba direba ba. Na hau kar da kaina, na rungume shi a cinya har Yamai, ban kuma gaya mata ina zuwa ba, don in same ta a kan abin da take yi. Da aka kira ta bakin ƙofa ta gan ni, ta yi mamaki. Na ce, "Ɗiyata, ban zo gaisuwa ba. Na zo in ga inda ƙwaina ke ƙarewa." Na zaci za ta hana. Sai ta ba ni farar riga da abin rufe hanci, ta sa na wanke hannu har gwiwa, ta shigar da ni.

Akwai wani akwati kamar firigo, amma zafi yake bayarwa, irin ɗumin cikin kaza. Ta buɗe, sai ga ƙwaina a kwance jere, na gane alamar hannuna. Kowanne an yanke masa 'yar taga kamar farcen babban yatsa, an manne da leda mai gam. Na ce a raina mata sun yi gaskiya. Ta ɗauko ɗaya ta ɗora ƙarƙashin fitila ta ce in leƙa. Shekara da shekaru ina duba ƙwai ta bayan ɓawo, ina ganin inuwa kawai. Ranar na gani ido da ido. Wani tantani ne shimfiɗe, jijiyoyin jini sun bazu a kansa kamar saiwar gero, a ƙasa ɗan tsako yana motsi. A kan tantanin akwai wani ɗan farin ƙullutu, bai kai ƙwayar dawa ba, jijiyoyin duk sun karkato sun nufo shi.

"Wannan shi ne ciwon, Baba," in ji ta.

Ta yi mini bayani a hankali, kamar mai koya wa yaro alwala. Ta ce irin wannan daji ɓoyewa yake yi a cikin ciki, ba a gane shi sai ya ci ƙarfin mutum. Ido ya yi ɗorawa kamar na mai shawara, jiki ya zube, ciwo ya riƙa ratsawa har baya. Ta ce ba a gwada sabon magani a kan mutum haka kawai. Shi kuwa tantanin ƙwai yana karɓar baƙo, don jikin ɗan tsako bai koyi korar abin da ba nasa ba tukuna. Sai su ɗora ƙwayoyin ciwon a kai, cikin 'yan kwanaki ya kama, ya ja jini ya fara girma. Sannan su ɗiga wa wasu magani su bar wasu, su auna su ga wanne ya tsaya. Shi ya sa take son mai zakara, don ƙwan gidan gona ba ya yin jijiya.

Na ce, "Ciwon na wa ne?"

"Na wani mutum ne da ya daɗe da rasuwa a wata ƙasa. An ɗebi ƙwayoyin daga jikinsa, ana rayar da su a kwalba, masu bincike suna rabawa tsakaninsu."

"In kin sa a ƙwai, wani yana warkewa?"

"A'a, Baba. Ba a cire wa kowa ciwo. Koyo muke yi. Mai yiwuwa wata rana a samu abin da zai taimaki wasu, mai yiwuwa ba a hannuna ba."

"'Yan tsakin fa?"

"Ba sa kaiwa ƙyanƙyasa."

Wannan bai yi mini daɗi ba, na kuma gaya mata. Ta ce ita ma ba ta jin daɗinsa, amma ya fi a yi a kan mai jin zafi sosai. Ban ƙyale ta nan ba. Na ce ta nuna mini inda ake zubarwa in an gama, don nan ne maganar take. Ta kai ni bayan gini ta nuna mini murhun ƙarfe inda ake ƙone su ƙurmus. Na leƙa, na tona tokar da sanda, na zagaya katangar ina duba ko akwai sabuwar ƙasa. Tana tsaye tana kallona, ba ta yi dariya ba.

Na dawo da ƙarfin gwiwa, na tara matan Hawandawaki a gindin bishiyar bedi, na ce na gani da idona, ba a binne ko ɗaya. Suka ce to me ake yi? Na faɗa musu da Hausar da nake da ita: ana sa ciwon daji ne a cikin ƙwai. Na ga sun kalli juna. Na ci gaba da bayanin tantani da jijiya, ashe ba wadda ta ƙara jin komai bayan wannan kalma. Abin da kakanninsu suka sani ke nan, a sa ciwo a ƙwai mai shi ya tashi. Bambancin kawai wannan bokanyar ta yi karatu a waje.

Ran kasuwar Tasawa na buɗe rumfa na tarar da mutane suna jirana, kowa da ƙwai a naɗe cikin tsumma. Wannan an shafa a ƙirjin uwarsa, wancan a wuyan ɗansa. Na ce ba haka ake yi ba, ku kai su asibiti. Suka ce wato na manya ake cirewa, na talaka a'a. Da farko ana zargina da kai wa boka ƙwai, yanzu ana zargina da rowar boka. Na san kuma da zan miƙa hannu in karɓa in ce Allah ya sawwaƙe, da kafin wata ya mutu duk ƙwan ƙasar Tasawa da Mayahi a rumfata zai kwana. Wani maƙwabcina mai sayar da gishiri har ya ce mini, "Kai dai karɓa, mi ya shahe ka?"

Ana cikin haka Inna Tsahara ta aiko a kira ni. Ba ta zo gindin bedi ba ranar, na ɗauka fushi ne. Na same ta a cikin ɗaki a kan tabarma, ta jingina da bango ta dunƙule gaba. Kowa ya rame a shekarar nan, shi ya sa ba wanda ya lura da tata ramar. Amma hasken ƙofa ya faɗa a fuskarta, na ga farin idonta ya koma ɗorawa. Na tuna maganar likita.

"Habu, an ce likitarka tana sa daji cikin ƙwai."

"Tana sawa, Inna."

"In ta sa nawa, ina tashi?"

Surukarta tana bakin ƙofa, bayanta wasu mata sun yi cirko-cirko. Na san amsar da suke so, na san kuma abin da ke bayan amsar.

"A'a, Inna. Ba ta cire wa kowa. Ta ce koyo suke yi, ba su kai ga magani ba tukuna. Abin da ya kamata shi ne mu kai ki asibiti a duba ki."

Ta daɗe tana kallona da idon nan nata. Sannan ta juya wajen matan.

"Kun ji? Tun da nike ban taɓa ganin bokan da ya ce bai iya ba. Da ya ce mani i, da na san inda ƙwanmu ke zuwa."

Asibiti kuwa ta ce ba ta hawa amalanke a kai ta ta mutu a hannun baƙi. Na roƙa, surukarta ta roƙa, ta ce an gama. Na yunƙura zan tashi, sai ta ce mata su ba mu wuri. Ta sa hannu cikin zanenta ta fito da ƙwai guda ta miƙo mini. Da ɗuminsa, ba kuwa ɗumin kaza ba. A jikin cikinta yake tun kafin in shigo.

"Na ji abin da ka ce," in ji ta, ba ta kalle ni ba. "Kai dai ka kai mata."

Na kai da kaina. Na gaya wa likita komai, har da inda ƙwan ya kwanta. Ta tambayi yadda ciwon yake, ta ce ba za ta iya rantsuwa shi ne ba sai an duba, amma ya yi kama. Ta rubuta maganin rage zafi ta ce a nema a asibitin Tasawa. Sannan ta karɓi ƙwan da hannu biyu, kamar yadda ake karɓar abu daga babba. Sauran duk lamba take sa musu. Wannan ta ɗauki kirayon ta rubuta Tsahara a jikinsa, ta sa shi a akwatin tare da 'yan'uwansa.

Ruwa ya sauka bayan haka, a lokacin da Allah ya so. Wasu suka ce ai don an daina ba ni ƙwai ne. Har yau akwai masu faɗin haka, kuma wasunsu suna sayen ƙwai a rumfar nan. Ana cikin noman farko likita ta kira ni a salula ta ce in gaya wa Inna ƙwanta ya yi kyau, ciwon ya kama a kansa, kuma yana cikin waɗanda aka ɗiga wa magani. Na hau moto na bi rairayi mai laima zuwa Hawandawaki.

Ta ƙara ƙanƙancewa, muryarta sai ka sunkuya. Ita ta fara tambaya.

"Ya kama?"

"Ya kama, Inna. Amma ba naki ba ne. Na wani mutum ne da ya daɗe da rasuwa, a wata ƙasa mai nisa."

"Musulmi ne?"

"Ban sani ba."

"To, Allah shi ji ƙan wanda ya cancanta." Ta huta. "Shi ma haka ya ji, a baya?"

"Haka likita ta ce."

"Bawan Allah," in ji ta. "Ashe kazata ta yi mashi masauki." Ta rufe ido, na ɗauka barci ne, sai ta ce, "Ka zo ran kasuwa, Habu."

Maganin da aka ɗiga wa ƙwan nata bai zama magani ba. Likita da kanta ta gaya mini daga baya, ta ce sun dai san wannan hanyar ba ta ɓullewa, sun kama wata. Na yi shekaru ina aika mata kafin ta koma wani aikin. Kada wani cikinku ya fita ya ce Habu Mai Ƙwai ya ce an samo maganin daji a ƙwan kaza. Na sha wuyar kalma ɗaya, ba na son ta biyu.

Ran kasuwar na je. Tun daga bakin gari na ga tabarmin zaman makoki a ƙofar gidan, an riga an kai ta. Na yi alwala na zauna cikin maza aka yi addu'a. Da na tashi zan tafi, surukarta ta leƙo ta ce in zagayo. Masakin yana nan a ƙofar ɗakin, inda na saba samunsa, ba a kife ba. Cike yake da ƙwan kaza har baki, kowanne da ɗan zanen gawayi a jikinsa, don ba su da kirayon.

"Ta ce a ba ka," in ji ta. "Ta ce in ka so ka duba, mu juya baya."

Rana tana tsaka, ba gajimare ko ɗaya, irin hasken da mai duba ƙwai ke so. Na durƙusa na buɗe kwalina na shimfiɗa ƙaiƙayi. Na jera su ɗaya bayan ɗaya, tsini ƙasa, har masakin ya ƙare. Ban ɗaga ko ɗaya sama ba.